Muryar da Ke Cikin Kaset ɗin Maniru

Shafi na 23

To ga ni na fito, ku sassauta mini da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar na gudu da akuyarku. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa in ban kashe Malami a labarin nan ba za ki daina karantawa, jawo tabarma ki zauna, yau da ke nake.

Sababbin shiga, ga inda muke. Shekarar nan ce da sabulu da madara suka zama sai an bi layi, sabon kaset kuwa ko a birnin Sakkwato sai mai hanya. Maniru, wanda aka sallama daga gidan rediyo ya dawo Boɗinga ya buɗe shagon gyara, Allah ya yi masa rasuwa. Matarsa Kaltume 'yar Shagari tana takaba. Wansa Malami ya kwaso kayan shagon ya ajiye a zaure kafin a yi rabon gado. Cikin kayan akwai kaset guda ɗaya da Kaltume ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke cikinsa ba.

Laraba ce ta shigo da maganar bayan la'asar. Ƙanwar marigayi ce, bazawara, irin matan nan da labari ba ya kwana a bakinsu. Ta tarar da Kaltume a ƙofar ɗaki tana tsince gero a faifai, kai babu kitso, zanen jikinta shi ne dai na jiya da shekaranjiya.

"Yaya Kaltume, an samu mai zuwa Kumasi."

Kaltume ba ta ɗago ba. "Wa?"

"Wani ɗan Lambara mai hwataucin goro. Gobe da sahe za shi. Yaya Malami yac ce yau za a ɗauki saƙo a aika ma Yaya Arzika."

Arzika shi ne tsakanin Malami da Maniru. Ya daɗe a Kumasi, kuma har ranar bai san ƙanensa ya rasu ba. Gidan ba sa aika masa takarda, don sai ya kai wa wani ya karanta masa, sirrin gida ya zama na mutanen zango. Murya suke ɗauka a kaset, kowa ya faɗi tasa, a naɗe a tsumma a ba matafiyi.

"Allah shi kai shi lahiya," in ji Kaltume. Sai hannunta ya tsaya cikin geron. "Ina anka samu kaset? Ba ke kinka ce an nema har birni babu ba?"

"Cikin kayan shago yaɗ ɗauko guda. Yac ce a aza saƙon bisa."

"Wane?"

"Oho. Wani baƙi mai ɗigon jan hwarce ga kusurwa."

Faifan ya kife. Kaji suka yo kan geron, Kaltume ko kallonsu ba ta yi ba. Ita ta ɗiga jan farcen nan da hannunta, don kada kaset ɗin ya ɓace cikin na mutane.

Ku da kuka tashi a babban gida kun san abin da ta yi bayan nan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka kawo ta daga Shagari ba ta taɓa haɗa ido da Malami ba. Gaisuwa ma a durƙushe take yi, fuska a gefe, ya amsa yana tafiya. Balle yanzu da take takaba, in tana magana sai ka kasa kunne. Amma ranar ta tsallake tsakar gida babu takalmi, ta tsaya bayan asabarin ƙofar zaure ta ɗaga murya.

"Yaya! Yaya Malami!"

Inna, mahaifiyarsu Malami, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras yake.

"Wa ka kiran Malami hakanga awa gobara?"

Malami ya ɗaga asabarin ya shigo. Dogo ne busasshe, manomin albasa a fadamar Dancadi, mutumin da ko ranar Salla murmushinsa sai an tona. Idanunsa sun yi ja. Kan kaset ɗin yana leƙowa daga aljihun gaban rigarsa.

"Lahiya?"

Kaltume ta durƙusa. "Yaya, don Allah don Annabi a ba ni kaset ɗinga."

"Wane kaset?"

"Wanda ag ga aljihunka."

Ya kai hannu ya danne aljihun.

"Koma ɗaki, Kaltume. Takaba kika yi."

"Na sani. Ba ni in koma."

"Mi mai takaba za ta yi da kiɗi?"

"Ba kunnawa za ni yi ba. Ajiyewa."

"Kayan gado na. Ba naki ba na, ba nau ba na, sai an raba."

"To in kayan gado na, don mi za a shahe shi kahin a raba?"

Laraba ta kama baki. Malami ya yi tsaye yana kallon matar ƙanensa kamar yau ya fara ganinta. Wallahi da wani ne ya mayar masa da magana haka a kasuwa, da an ji su har tasha. Amma sai ya sassauta murya.

"Ba ki san abin da ac ciki ba. Ni na sani."

"Yaya..."

"Bari in gama. Don ke nika yi, don shi nika yi. Ba ni son tona wagga magana gaban Inna, amma kin tilasta ni." Ya waiga wajen Inna. "Duk kasuwar Boɗinga ta san Maniru na kulle shago da rana tsaka, a ji muryar mace na tashi ciki. Mode tela ya ji. Masu albasa sun ji. An ce wata 'yab birni ta, tun zaman gidan rediyo. Tab ba shi muryatta cikin kaset, shi ko ya kasa rabuwa da ita."

"Malami!" in ji Inna. "Ɗana kaka ma wanga shaida, bai daɗe cikin ƙasa ba?"

"Inna, ba shaida nika yi ba, ruhwa mai asiri nika yi. Shekara da shekaru ina toshe bakin mutane don kada yarinyag ga ta ji. Yanzu ya tahi. Ba ni barin abin da za shi ƙara mai nauyi cikin kabari. In aza sallama da ta'aziyya bisa, shi ke nan, an wanke shi."

Ke mai cewa a kashe Malami, kin ji ko? Mutumin nan duk zatonsa alheri yake yi.

Kaltume ta sunkuyar da kai. Ubanta limamin unguwarsu ne a Shagari, gidan da ko guɗa ba a cika yi ba. In maganar nan ta fita daga bakinta, Laraba tana tsaye, gobe war haka ta isa Shagari kafin motar farko. In kuma ta haɗiye ta, kaset ya tafi, kuma Maniru zai kwanta da sunan da ba nasa ba har abada.

"Ni ta."

"Ke wa?" in ji Malami.

"Muryag ga tau ta. Babu wata 'yab birni. Ni niy yi waƙar."

Carbin Inna ya tsaya. Laraba ta zauna daɓas a kan turmi.

"Ƙarya kika yi don ki wanke shi," in ji Malami.

"Ina cikin takabatai za ni yi mai ƙarya?"

"Ke? Ɗiyal Liman?"

"Ni, ɗiyal Liman."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Maganar da ta daɗe a danne ta ɓalle gaba ɗaya.

"Sad da anka sallame shi aiki, ku kun ga mutum na dariya cikin zaure. Ni nika ganin abin da ka shigowa ɗaki. Ba shi ci, ba shi barci, sai shi zauna shi ƙura ma bango ido. Rannan ina ninke kaya ina ɗan gunguni, ban san shina saurare ba. Yac ce, Kaltume, sake. Nis sake. Yac ce, wanga abu ɗai ka kwantam min da rai. Sai yaɗ ɗauka."

"Yak kai kasuwa," in ji Malami. Muryarsa ta yi kaushi. "Muryam matatai."

"Shago kayan aikinai suke. Shi as sa yaka kullewa, don kada wani namiji shi ji ta sosai."

"Kin san ana zaginai?"

"Na sani."

"Kinka yi shiru?"

"Shi yac ce in yi shiru. Nic ce za ni gaya ma Inna, yah hana ni. Yac ce gwamma a ce Maniru ɗan iska na da a ce ɗiyal Liman na waƙa cikin kasuwa."

Malami ya nemi inda zai kalla ya rasa, sai ya kalli kajin da ke cin gero. Shi ne ya taɓa tare Maniru a hanyar masallaci ya yi masa kaca-kaca a kan maganar nan, yaron ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da haƙuri, bai ƙara ko kalma ba.

Inna ta juya wajen Laraba.

"Laraba, ɗauko min rikoda."

"Inna, gidan makoki na," in ji Malami.

"Ni nih haihe shi ko kai? Ɗauko."

Laraba ta ruga zaure ta dawo rungume da rikodar Maniru, wadda aka ɗaure murfinta da roba. Ta bi ta kan katanga ta kwaso wasu batiran da aka shanya a rana don su ƙara ƙarfi. Malami ya zaro kaset ɗin a hankali ya miƙa wa Kaltume, bai kalle ta ba.

Tana karɓa gabanta ya faɗi. Matar mai gyara ce, ta san kan kaset. Maniru ya karya 'yan haƙoran nan biyu na sama don kada a taɓa ɗaukar wani abu a kai. Yanzu ga ramukan an cusa musu takarda.

"Yaya, wa yat toshe wanga?"

"Ni. Hakanan nig ga Maniru na yi in za mu aika saƙo. Kwantad da hankalinki, ban ɗauki abin kirki ba. Na zauna in yi, magana taƙ ƙi hita, nib bari."

Za ta sake tambaya Inna ta riga ta.

"Ɗiyata, shi hwa? Shina ciki? Muryatai?"

"Shina ciki, Inna. Ga baya, in an juya, can wajen tsakiya. Ya yi dariya, ya kira sunana, ya amsa min waƙar."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. Gidan nan kaf ko hoton Maniru babu, sai na katin aiki da gidan rediyo suka karɓe.

"To a hwara daga hwarko. In ji abin da ɗana yay yi, kana in ji shi."

Laraba ta zura biro a ramin kaset ɗin ta mayar da zaren farko don a ririta batir. Ta saka, ta danna.

Da fari ba komai sai shuuu. Sannan wani abu ya buga can ƙasa. Duum. Ya yi shiru har ka ce ya fasa. Ya sake. Duum. A hankali, a hankali, kamar bugun zuciyar mai barci.

Sai sautin ogan ya shigo, ɗan ƙaramin abin kiɗan nan mai maɓallai da batir da Maniru ya samu wurin wani malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. Ba irin kiɗan 'yan biki ba ne mai tsalle-tsalle. Sauti ɗaya ne dogo, ya miƙe ya ƙi ƙarewa, wani ya hau kansa, wani ya sake hawa, har suka cika tsakar gidan. Can ƙarƙashinsu kwaɗi na kuka nesa-nesa, ruwan sama na ɗiga a kan kwano, ɗis, ɗis, yana bin bugun nan sau da ƙafa.

"Wanga wane irin kiɗi na?" in ji Laraba. "Ta ina aka taka shi?"

"Ba a taka shi," in ji Kaltume. "Yac ce na zama na."

"Kai, Yaya Maniru! Kiɗi babu rawa, babu kirari, wa za shi yi ma liƙi?"

"Yi min shiru," in ji Inna. Ta karkata kai wajen rikoda. "Wagga ganga... tsaya. Na san wagga ganga."

Duum.

"Turmina na! Tsohon ga mai tsaga, wanda Laraba ta zamne bisa. Ji yadda yaka amsawa ga ƙarshe!"

"Shi na, Inna. Ranad da kuka dakan hura ke da Laraba yaɓ ɓoye rikoda bayan rumbu. Daga baya yar rage mata gudu."

Inna ta yi dariya, karo na farko tun ranar da aka fita da gawa. Dariya da hawaye tare.

"Ɗan nema! Shi as sa yaka ta zagayen rumbu, nic ce ko ɓera yag gani."

"Kwaɗin ga na hwadamarka na, Yaya," in ji Kaltume a hankali. "Ranad da yat taya ka dashen albasa."

Malami ya kau da kai. Yana tsaye jikin katanga, hannayensa a baya.

Sannan muryar ta fito.

Babu kalma ko ɗaya a cikinta. Gunguni ne kawai, irin wanda mace ke yi in ta zaci ita kaɗai ce a ɗaki. Ta taso daga nesa, siririya, ta matso, ta matso, sai ta rabu biyu, ɗaya na bin ɗaya a baya tana maimaita abin da ta farko ta faɗa. Ogan ya ja da baya ya ba ta wuri. Turmin Inna yana ƙasa yana riƙe da su duka.

Kaltume ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma a cikin mayafin idonta a rufe yake, tana ganin Maniru zaune a ƙasa tsakanin rikoda biyu, wayoyi sun kewaye shi, harshe a waje, yana ɗaga mata yatsa wai ta yi shiru, ga wurin yana zuwa.

Laraba mai bakin nan ta yi tsit. Har kajin sai da suka lafa, ko kuwa ba wanda ya ƙara jin su.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Awa in kana dawowa gona bisa jaki, barci na ɗibarka, kana jin gari na matsowa, ba ka son ka isa."

Ni dai cewa nake Maniru ya zo duniya da wuri. Da yanzu ne, da an laƙaba wa kiɗan nan suna, 'yan birni su toshe kunne da shi a mota suna lumshe ido. A lokacin sunansa ɗaya ne a Boɗinga, haukan Maniru. Mutum ya tattara turmin uwarsa da fadamar wansa da muryar matarsa ya dunƙule su wuri guda, duk abin da yake so a duniya, garin kuma suka ce ɗan iska ne. Abin yana ci mini rai har yanzu da nake rubutawa.

Muryar ta fara hawa. Kaltume ta san wurin, nan ne take ɗagawa sama ogan ya biyo ta. Ta riƙe numfashi.

Ƙat!

Kiɗan ya yanke. Aka ji gyaran murya, kusa sosai, har lasifikar ta yi ƙara.

"Bisimillahi. Assalamu alaikum. Arzika, ni na, Malami."

Kowa ya juya ya kalli Malami na jikin katanga. Shi kuma ya zura wa rikodar ido kamar ya ga maciji.

"Ina gaishe ka. Inna na gaishe ka. Albasa ta yi kyau bana, sai dai taki da ya yi wuya. Arzika... Maniru... Maniru dai..."

Muryar ta karye. Abin da ya biyo baya ba wanda ya taɓa jin sa a gidan nan. Malami ne yake kuka. Malamin da ya tsaya a bakin kabari ido a bushe yana ba mutane haƙuri. Kuka sosai, irin na babban mutum da ya tabbata ba mai jin sa, yana kiran sunan ƙanensa yana cewa ka yahe min.

"Kashe," in ji Malami. "Laraba, kashe abin ga!"

"Kada ki taɓa," in ji Inna.

Kukan ya lafa. Aka ji jan hanci. Sai kuma wani abu ya taso a hankali, murya ce ta namiji, mai kaushi, tana karkacewa tana gyarawa. Gungunin Kaltume ne. Waƙar nan ce dai, daga farkonta, Malami yake bi shi kaɗai a zaure.

Kaltume ta sauke mayafi daga fuskarta.

"Ashe ka ji shi," in ji Inna.

Malami ya sulale jikin katanga ya tsuguna.

"Na kunna don in san abin da za ni shahewa. Nik kasa kashewa. Kullum in na shiga zaure sai na ji gehen ga, in maida shi baya in sake. Ina ƙin mai muryar, ina son waƙar. Ban san yadda za ni yi da raina ba, Inna."

Ba wanda ya yi masa dariya, har Laraba. A cikin rikoda ladan ya kira la'asar can nesa, aka ji takalman Malami suna fita, ƙofar zaure ta rufe. Daga nan sai shuuu, da kukan akuya jifa-jifa.

Kaltume ta matso gaban rikodar a kan gwiwoyinta.

"Yaya, da za ka masallaci ka kashe shi?"

"Mi za ni kashewa? Na bar magana. Ba kowa cikin zauren."

"Jan maɓallin hwa? Ka ɗaga shi?"

"Ai ba ta ɗaukar komi in ba a magana."

Kaltume ta runtse ido. Wallahi ta so ta yi ihu, amma fuskar mutumin nan ta hana ta. Da gaske yake, har zuciyarsa.

"Yaya, jan maɓallin ga ba shi jiran magana. In ka danne shi, ko shiru kay yi shahewa yaka yi."

Ta tura zaren gaba ta saki. Shuuu. Ta sake turawa ta saki. Akuya. Ta sake. Shuuu. Wurin da muryarta ke hawa sama babu, wurin da ruwan sama ke tsanantawa babu, wurin da turmi ke tsayawa ya bar ogan shi kaɗai babu. Ta yi ta turawa har rikodar ta yi ƙat ta tsaya da kanta.

Laraba ta fashe da kuka. Inna ba ta gama gane abin da ya faru ba, ta lalubo kafaɗar Kaltume ta dafa.

"Bar kuka, ɗiyata, mun ji rabonmu. Juya min baya in ji muryaɗ ɗana."

Kaltume ta ciro kaset ɗin. Ta juya shi ta saka.

"Kaltume."

Malami ne. Ya miƙe tsaye.

"Da nid dawo masallaci nig ga ya tsaya, nic ce ko gehen ya ƙare. Sai nij juya shi."

"Kad danna jan?"

"Ban ce komi ba, wallahi. Ko tari ban yi ba. Zaune nike ina neman ta inda za ni hwara."

"Kad danna?"

Ya gyaɗa kai.

"Har yaushe?"

"Shina juyawa kinka kira ni."

"Ya daɗe shina juyawa, ko yanzu-yanzu kas saka?"

Malami ya kalli uwarsa, ya kalli rikodar, ya kalli tafin hannunsa.

"Ban sani ba."

"Mi kuka ta cewa?" in ji Inna. "Ku kunna min ɗana mana."

Kaltume ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta yi bisimilla, ta danna.

Shuuu...